Sassarfa Bayan Asuba: Gudun Safiya a Lolo, Garin Bakin Iyaka

Garin Lolo yana cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, a gefen kogin Kwara, kusa da inda kogin ke shigowa Nijeriya bayan ya raba ƙasar Benin da Jamhuriyar Nijar, kuma garin Madekali na Benin yana ƙetaren iyaka a kan hanyar da ke kaiwa Malanbil. Mazauna wannan yanki, da suka haɗa da Dandawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Kyangawa, sun daɗe suna rayuwa a kan noman fadama da kamun kifi da kiwo da fatauci, kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan sana'o'i da ake yinta a zaune. Saboda haka duk mai son yin bayani a kan gudun safiya a irin wannan wuri sai ya fara da amsa tambayar da manomin shinkafa zai jefo masa, wato dalilin da zai sa mutumin da babu abin da ya koro shi ya tashi da duku-duku ya kama gudu, ya zubar da ƙarfin da ya kamata ya kai gona. Tambayar tana kan hanya, kuma amsarta ita ce ba kowa ne a Lolo yake bukatar gudun ba, sai dai yawan masu bukatarsa yana ƙaruwa shekara bayan shekara ba tare da an lura ba.

Abin da ya kawo wannan canji shi ne yadda babur da wayar salula da injuna suka karɓe ayyukan da ƙafa da hannu ke yi a da. Tafiyar da ake yi a ƙasa zuwa kasuwa ko fadama ta koma ta ɗan kabu-kabu, saƙon da ake aika yaro ya kai da gudu ya koma kiran waya, ban ruwan rani ya koma aikin inji, kuma kasuwancin iyaka ya haifar da sana'o'in da jarinsu shi ne zama wuri ɗaya. Ɗan canji misali ne da ya isa a duba: yakan zauna a kan benci tun hantsi, damin naira a aljihu ɗaya na sefa a ɗayan, waya a hannu, shayi mai kaurin madara da sukari a gefensa, abincin rana a kawo masa shinkafa har inda yake, in zai koma gida kuma ya hau babur ko da tazarar ba ta wuce a kira mutum ya ji ba. Haka mai shago yake, haka tela da direba da jami'in da ke tsaron shinge, har ma da ɗan kabu-kabun kansa, wanda yakan zagaye gari sau da yawa a yini alhali ƙafarsa ba ta yi taku ɗari a jere ba. Likitoci sun fara gane haɗarin irin wannan zama ne tun 1953, lokacin da Jeremy Morris ya wallafa bincikensa a kan ma'aikatan motocin bas masu hawa biyu na birnin Landan, inda ya tarar cewa direbobi, waɗanda ke yini a zaune, sun fi kamuwa da ciwon zuciya a kan kwandastocin da ke yini suna hawa da sauka a matakala suna karɓar kuɗin mota. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya, wato kimanin biliyan 1.8, ba su motsa jiki gwargwadon bukata ba a 2022.

Manomi da masunci da makiyayi suna da nasu lissafin dabam, domin wanda ya yini yana dashen shinkafa ko tuƙa kwale-kwale da gora ba ya cikin wannan ƙididdiga. Duk da haka masu bincike a ƙasar Denmak, musamman Andreas Holtermann da abokan aikinsa, sun nuna cewa wahalar aiki ba kullum take ba zuciya irin amfanin da motsa jikin ganin dama ke ba ta ba, saboda aikin ƙarfi yakan ɗauki awoyi masu yawa a sunkuye ko da kaya a ka, ba tare da isasshen hutun da jiki zai gyara kansa ba. An yi wannan bincike ne a kan ma'aikatan Turai, don haka bai kamata a ɗora shi kai tsaye a kan manomin fadama ba, kuma babu mai hankalin da zai ce wa wanda ya kwana da gajiyar huɗa ya tashi ya ƙara da gudu.

Kalmar da ta fi dacewa da abin da ake magana a kai ita ce sassarfa, wato tafiyar da ta wuce sauri amma ba ta kai gudun tsere ba, kuma duk wanda ya yi aikin Hajji ko Umara ya san ta, domin ita ce maza ke yi tsakanin korayen fitilu biyu a lokacin Safa da Marwa. Ma'auninta mai sauƙi ne, ba ya bukatar agogo ko na'ura: muddin mutum yana iya yin magana da abokin tafiyarsa, ya faɗi jimla guda ba tare da haki ya yanke masa ita ba, to yana cikin sassarfa, in kuwa kalma biyu ko uku kawai yake iya fitarwa kafin ya ja numfashi, ya shiga gudu mai ƙarfi. Mayar da wannan tafiya ta zama al'adar talakawa don neman lafiya abu ne na baya-bayan nan ko a ƙasashen Turawa. Arthur Lydiard, mai horar da 'yan tsere a ƙasar Niyu Zilan, shi ne ya tara magidanta a birnin Okland a farkon shekarun 1960 suna sassarfa tare, Bill Bowerman na Amurka ya gani ya kai ta ƙasarsu ya rubuta littafi a kanta, sannan a 1968 Kenneth Cooper, likitan sojan saman Amurka, ya fitar da littafin da ya yaɗa ra'ayin cewa ana iya auna ƙarfin zuciya da huhu kuma a gina shi. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020 ita ce babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, wanda ke nufin gudu mai ƙarfi na minti 25 sau uku a mako ya kai mutum bakin abin da ake nema.

Amfanin wannan ɗan lokaci yana fitowa ne daga yadda jiki ke amsa bukatar da aka ɗora masa a kai a kai. Zuciya tsoka ce, kuma idan mutum yana zaune tana tura jini kimanin lita 5 a minti ɗaya, amma da ya fara gudu adadin yakan ninka sau huɗu ko biyar domin a kai wa tsokokin ƙafa iskar da suke ƙona abinci da ita. Idan ana maimaita haka makonni da watanni, zuciyar kan ƙara ƙarfi ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, jijiyoyin jini su yi laushi, ƙananan hanyoyin jini su yawaita a cikin tsoka. A wajen mai hawan jini wannan kan sauke lambar sama ta awon jini da kimanin 5 zuwa 8, ragin da ya kusa kai abin da ƙwayar magani ɗaya ke yi, ko da yake ba dalili ba ne na ajiye maganin da likita ya rubuta. Game da ciwon sukari kuma, tsokar da ke aiki tana zuƙe sukari daga jini kai tsaye, sannan har kwana ɗaya ko biyu bayan gudun tana ci gaba da amsa kiran insulin da kyau, wato sinadarin da jiki ke samarwa don buɗe wa sukari ƙofar shiga tsoka. Wannan gajeren wa'adi shi ne dalilin da ya sa gudun awa biyu ranar Asabar kaɗai bai kai darajar na minti 20 da ake yi kwana uku ko huɗu a mako ba, domin tasirin yana dusashewa idan aka bar tazara mai yawa.

Binciken da aka fi ambata a wannan fanni shi ne wanda Duck-chul Lee da abokan aikinsa suka wallafa a 2014 a mujallar likitocin zuciya ta Amurka, bayan an bi diddigin mutum 55,137 na kimanin shekara 15. Sun tarar cewa haɗarin mutuwa a tsawon lokacin ya ragu da kashi 30 cikin 100 a wajen masu gudu idan aka kwatanta da marasa yi, na mutuwa ta ciwon zuciya da jijiyoyin jini kuma ya ragu da kashi 45, kuma abin da ya fi jan hankali shi ne ko masu yin minti 5 zuwa 10 a rana, a hankali, sun samu kaso mai tsoka na wannan amfani. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya yanke hukunci a kan mutum ɗaya, tunda mai lafiya ne tun farko ya fi iya gudu, amma sakamakonsa ya dace da na wasu da dama. Tsoron da ake yi cewa gudu na cinye gwiwa shi ma bai samu goyon baya ba, domin wani nazari na 2017 da ya haɗa bincike masu yawa ya nuna ciwon gaɓar gwiwa da ƙugu ya kama kashi 3.5 cikin 100 na masu gudun motsa jiki, kashi 10.2 na marasa yi, da kashi 13.3 na 'yan tseren da suka mayar da shi sana'a.

Zaɓen safiya kuwa, a Lolo yanayi ne ya yi shi tun kafin a nemi ra'ayin kowa. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a jihar Kebbi kan kai digiri 40 ko ya wuce, kuma ƙasa da bangon gidaje kan riƙe zafin har bayan magariba, ta yadda lokacin da ya fi kowane sanyi a yini shi ne dab da fitowar rana. Jikin mai gudu yana samar da zafi mai yawa, hanyarsa ta fitar da shi kuma ita ce gumi, wanda kan kai lita ɗaya ko fiye a awa guda idan ana zafi, kuma idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 mutum na iya ruɗewa ya faɗi, yanayin da ke kisa idan ba a yi gaggawar jiƙa shi da ruwa an kai shi asibiti ba. Akwai kuma wani abu game da agogo da ba kowa ya lura da shi ba. Lokacin da Nijeriya da Benin da Nijar ke amfani da shi an ɗora shi ne a kan layin digiri 15 gabas, Lolo kuwa tana wajen digiri 3 da rabi, kuma rana na ɗaukar minti 4 kafin ta ƙetare kowane digiri, don haka takan fito a Lolo kimanin minti 20 bayan ta fito a Kano, kusan minti 40 bayan Maiduguri. A watan Janairu sai bayan ƙarfe 7 take ɓullowa, a ƙarshen Mayu kuma wajen 6 da minti 20. Ma'anar wannan ita ce malamin makaranta ko ma'aikacin da ake jira da ƙarfe 8 yana da ɗan ƙanƙanin haske a lokacin hunturu, kuma shawarar fita da ƙarfe 5 da rabi, wadda ta yi daidai da wasu garuruwa, a nan tana nufin gudu cikin duhu.

Babbar dama da garin ke da ita, wadda mazauna biranen Turai ke sayen agogo mai ƙararrawa don su samu, ita ce mafi yawan mutane sun riga sun farka. Ladan ya kira salla, an yi alwala, an taka zuwa masallaci, kuma tsakanin ketowar alfijir da fitowar rana akwai sama da awa ɗaya, wadda bayan salla da azkar akan samu ragowarta, lokacin da wasu ke komawa barci, wasu kuma su zauna wajen mai koko da ƙosai ko teburin mai shayi. Masana halayyar ɗan'adam sun nuna cewa sabon aiki ya fi saurin zama jiki idan aka ɗaura shi da wani tsohon aikin da ba ya tashi, ta yadda gama na farko shi ne zai zama alamar fara na biyu, ba sai an tsaya shawara da zuciya ba. Phillippa Lally da abokan aikinta a wata jami'ar Landan sun bi mutum 96 da ke ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, suka ga a tsaka-tsaki sai da aka yi kwana 66 kafin abin ya zama ana yinsa ba tare da tunani ba, wasu kwana 18 ya ishe su, wasu kuma lissafi ya nuna sai sun kai 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Wanda ya ajiye takalminsa a zaure tun dare, ya dawo daga masallaci ya saka shi kafin ya zauna, ya fi kusa da ɗorewa a kan wanda ya ce zai yi idan ya samu sarari da yamma, domin yamma ta kasuwa ce da gaisuwar biki da ta'aziyya da baƙon da bai yi sallama da zuwansa ba.

Wannan ba ya nufin safiya na da wani sirrin da maraice ba shi da shi, domin babu tabbatacciyar hujja cewa zuciya ta fi amfana da gudun asuba a kan na la'asar idan tsawonsu ɗaya ne. Hasali ma hawan jini kan ɗan yi sama a farkon safiya, tsoka da gaɓoɓi kuma suna a sandare bayan barci, shi ya sa ake son a fara da tafiyar minti 5 zuwa 10 kafin a ɗaga ƙafa. Jim Fixx, Ba'amurken da littafinsa na 1977 ya jawo dubban mutane cikin gudu, ya faɗi ya mutu yana gudu a 1984 yana da shekara 52, kuma binciken gawarsa ya nuna jijiyoyin zuciyarsa sun toshe, ga shi mahaifinsa ma ciwon zuciya ne ya kashe shi tun bai tsufa ba, shi kansa kuma ya daɗe yana shan taba kafin ya bari. Duk wanda ya haura shekara 40 bai saba motsa jiki ba, ko yake da hawan jini ko ciwon sukari, ko yake jin nauyi a ƙirji idan ya yi sauri, ya kamata ya fara zuwa asibiti a auna shi. Mai ciwon sukarin da ke shan magani ko allura yana iya samun sukarinsa ya faɗi idan ya yi gudu da yunwa, don haka 'yan ƙwayoyin dabino a aljihu ba su da nauyi. Mai sikila sai da shawarar likita, mai zazzaɓi kuma hutu ne nasa har ya warke sarai.

Kowane lokaci na shekara yana zuwa da nasa sharaɗi. Da hunturu sanyin safiya kan sa gudu ya yi daɗi, amma iskar arewa maso gabas na ɗauko ƙura mai laushi daga hamada, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma da asuba iska kan kwanta ta danne ƙurar da hayaƙin murhu da na ƙona tattakar shinkafa kusa da ƙasa, daidai inda mai gudu ke zuƙar numfashi ninkin na mai zaune. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango bishiyoyin nesa, mai asma ko tari ya fi kyau ya haƙura. Da damina kogin kan cika ya malala cikin fadama, hanyoyi su yi laka da santsi, ciyawa ta rufe gefen turba, kuma wannan ne lokacin da macizai irin su kububuwa da kasa ke fitowa tudu, ga sauron da ke cizo har wayewar gari, saboda haka kuskure ne a bi hanyar gona kafin a iya ganin inda ake taka ƙafa. Azumi ma yana da nasa lissafi, musamman a shekarun da watan Ramadan ya faɗo a Maris da Afrilu: wanda ya zubar da gumi bayan sahur zai yini da ƙishirwar da ba shi da halin kashewa, don haka masu yi kan mayar da gudun tafiya, ko su kai shi dab da shan ruwa, ko bayan tarawihi.

Mafari yakan lalata wa kansa al'amari ne tun makon farko, idan ya fita da zafin nama ya zagaye gari da gudun tsere, washegari ya kasa durƙusawa, daga nan kuma sai labari. Zuciya da huhu suna sabawa cikin makonni, amma ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure tsoka sai sun ɗauki watanni, shi ya sa ciwon ƙwauri da na agara, wato jijiyar da ta haɗa diddige da sha-raɓa, suka fi kama wanda ya ji numfashinsa ya buɗe ya ninka tazararsa dare ɗaya. Tsarin da hukumar lafiya ta Ingila ke koyarwa na mako 9 ne, sau uku a mako da hutun kwana ɗaya a tsakani, kuma a makon farko mutum na yin sassarfar daƙiƙa 60 ne ya bi ta da tafiyar daƙiƙa 90, yana maimaitawa har minti 20, a hankali ana ƙara gudun ana rage tafiyar har ya iya minti 30 a jere. Batun takalmi bai kai yadda masu talla ke zuzuta shi ba, ganin cewa Abebe Bikila na Habasha ya lashe gudun fanfalaki na kilomita 42 a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960 babu takalmi, sai dai shi tafin ƙafarsa ya saba tun ƙuruciya, kuma hanyar gari ba ta rasa ƙaya da ƙusa da fasasshiyar kwalba. Kambas na gwanjo, irin wanda ke shigowa ta Kwatano, ya wadatar idan aka duba shi da kyau: a lanƙwasa shi a ga ya karye a daidai tushen yatsu ba a tsakiya ba, a ɗora shi a ƙasa a ga dunduniyar ba ta cinye ta karkata gefe ɗaya ba, a saka shi da safa a tabbatar akwai faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakinsa. Silifa ba ta gudu. Turbar ƙasa mai ƙarfi ta fi kwalta sauƙi ga gaɓoɓi, rairayi mai zurfi kuma na gajiyar da agara, filin makarantar firamare da ake zagayawa ya fi duka kwanciyar hankali.

Abin da ya fi ciwon ƙwauri hana mutane wannan al'ada shi ne idon jama'a. A harshen Hausa kalmar gudu ta fi tafiya da masifa, kamar yadda ake ji a gudun hijira da gudun ceton rai, kuma karin maganar da ke cewa in ka ga ƙi gudu sa gudu ne bai zo ba tana ɗauka cewa tsoro ne kaɗai ke sa babba ya ɗaga ƙafa. Kamala a wajen magidanci ita ce tafiya a natse cikin babbar riga, don haka wanda aka gani da gajeren wando yana haki zai sha tambayar ko lafiya, wasu ma su ce abin 'yan boko ne. Amma al'adar ba ta rasa masu gudu ba, tun daga zagagen da ke gaban dokin sarki da mafarauta da yaran da ke langa a dandali, addini kuma bai ɗauki gudu a matsayin zubar da girma ba, domin Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu bayan shekaru, kuma sahabi Salamatu ɗan Akwa'u ya yi suna da saurin ƙafa. A yau waɗanda aka fi gani suna gudun safiya a garuruwan arewa su ne 'yan ƙwallo da samarin da ke shirin shiga soja ko ɗan sanda ko kwastan, tunda gwajin ɗaukar soja ya ƙunshi gudun kilomita 3.2 kafin a kai ga barikin horarwa na Zariya, sai dai nasu na neman aiki ne, yakan ƙare da ƙarewar tantancewa. Magidanta uku ko huɗu da suka fito daga sahu ɗaya suka kama hanya tare, cikin dogon wando da riga mai sauƙi, sun fi saurin kashe bakin masu magana a kan mutum ɗaya, kuma wanda ya makara ya san akwai masu ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Zaman garin a bakin iyaka ya ƙara wa wannan tafiya ta rukuni wani dalili. Tun rufe iyakokin ƙasa da gwamnatin tarayya ta yi a watan Agustan 2019, wanda aka fara sassautawa a Disambar 2020, hanyoyin yankin sun saba da shingayen jami'ai da ke farautar 'yan fasa-ƙwauri, daga ƙarshen 2024 kuma hare-haren 'yan bindigar Lakurawa a sassan Kebbi da Sakkwato sun sa kowa na kallon motsin dare da zargi. Mutumin da ke gudu shi kaɗai cikin duhu a kan barauniyar hanya yana jefa kansa cikin haɗarin da ya fi hawan jini gaggawa, don haka hankali shi ne a tsaya cikin gari, a jira har a iya gane fuskar mutum daga nesa, a sa tufa mai haske, 'yan sintirin unguwa kuma su san da zaman masu fitar.

Mata su ne wannan magana ta fi yi wa wuya, alhali hawan jini da ƙiba ba su bar su ba, musamman matar da ke yini a tsakar gida bayan injin niƙa ya karɓe mata daka da surfe. Yankin bai rasa matan da suka yi fice a tsere ba, domin Aminatou Seyni ta Jamhuriyar Nijar ta zo ta huɗu a gudun mita 200 a gasar duniya ta 2022 a Amurka, Noélie Yarigo ta Benin kuma ta wakilci ƙasarta a Olamfik a gudun mita 800, amma matar aure a Lolo ba titi take nema ba. Abin da zai yiwu a wajenta shi ne zagayen tsakar gida da sauri, ko harabar makarantar Islamiyya mai katanga tare da 'yan'uwanta mata kafin ɗalibai su iso, tunda tafiya mai sauri ta minti 30 kwana biyar a mako ta cika minti 150 ɗin da ake nema. Wahalar ita ce safiyar mace ta riga ta cika da hura wuta da shirya yara, don haka samun wannan rabin awa ya dogara ne da ko maigida ya ɗauke shi a matsayin bukata.

Saurayin da abin ya shiga ransa har yake son gwada kansa da wasu yana da inda zai nufa, kuma ba a Nijeriya kaɗai ba, domin birnin Paraku na Benin, da ke kudu da Malanbil a kan babbar hanyar Kwatano, yana shirya gudun fanfalaki a watan Fabrairu, ga kuma tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo da aka fara a 2013, da gudun fanfalaki na birnin Legas da aka fara a 2016, waɗanda 'yan Kenya da Habasha suka fi lashewa. Mai neman lafiya kawai kuwa ma'auninsa yana wuyan hannunsa. Da ya farka, kafin ya tashi zaune, sai ya ɗora yatsu biyu a ƙasan tushen babban yatsa, ya ƙirga bugun jijiya na daƙiƙa 30 ya ninka biyu, ya rubuta a takarda. A wajen babban mutum adadin yakan kasance tsakanin 60 da 100, kuma bayan wata biyu ko uku na sassarfa a kai a kai yakan sauka da 'yan lambobi, idan kuma wata safiya ya ga ya haura abin da ya saba da 10 ko fiye, to alama ce ta gajiya ko ƙarancin ruwa ko zazzaɓin da ke tafe, kuma ranar tafiya kawai ta ishe shi.